Baki ma jari ne: mu koya wa ɗiyanmu iya magana ta hanyar wasa

Jama'a masu karatu, musamman ƴan uwa ƴan kasuwa da uwayenmu mata masu sana'a, sharhinmu na yau zai tsaya ne kan wani jari wanda ba a ƙulle shi a bakin zane, ba a kuma kai shi banki, amma in babu shi kaya sai su wuni a rana su koma gida kamar yadda suka zo. Wannan jari shi ne baki, wato iya magana da shawo kan mutum cikin daɗin rai.

Abin da ya jawo maganar shi ne wata ziyara da muka kai Korahane, cikin gundumar Dakoro ta jihar Maraɗi, domin ɗaukar shirin rediyo da mata masu sana'a. Ranar kasuwa ce. Muka zauna kusa da wasu mata biyu masu saida ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, rumfarsu ɗaya, kayansu iri ɗaya, kuɗin ma ɗaya. Ta farko ba ta barin mutum ya wuce sai ta gaishe shi ta tambayi mutanen gida. In an taya kayanta da arha sai ta yi dariya ta ce albarka, ta ɓalli ƙuli-ƙuli ta miƙa a ɗanɗana, ta faɗi ranar da ta soya gyaɗar. Ta biyun kuwa kanta na sunkuye, in an taya bai yi mata ba sai ta ce in ba ka saye ka wuce. Kafin la'asar ta farko ta kaɗe faranti, ta biyu ta ɗaure fiye da rabin kayanta ta mai da gida.

Da muka tambayi ta farko inda ta koyi wannan, sai ta ce wurin kakarta da kuma dandali, lokacin da suke wasan kasuwa, tsakuwa ce kuɗi, ganye ne kaya. Ta biyu kuwa cewa ta yi: "Ni Allah bai ba ni baki ba."

Wannan magana ce ba mu yarda da ita ba. Gaskiya ne halin mutane ya bambanta, akwai mai surutu akwai mai kawaici. To amma iya gaisuwa, da iya sauraro, da iya ba da hujja, da iya cewa a'a ba tare da an ɓata ba, duk koyo ake yi kamar yadda ake koyon saƙa ko ɗinki. Mu da muke aiki gaban makirfo shaida ne. Mai wannan rubutu ranar da aka fara buɗe masa makirfo muryarsa rawa take, har ya manta sunan shirin da zai gabatar. Gwaji da maimaitawa da dariyar abokan aiki su suka gyara shi.

Kakanninmu sun san da haka tun tuni, shi ya sa suka yi wa abin makaranta, sai dai ba su kira ta makaranta ba, wasa suka kira ta. Ku tuna da daren farin wata. Tatsuniya tana koya wa yaro jera zance daga farko har ƙarshe ba tare da masu sauraro sun yi gyangyaɗi ba. Kacici-kacici yana koya masa saurin tunani, in kuma ya kasa sai ya ba da gari ya karɓi amsa, wato ya koyi faɗuwa ba tare da fushi ba. Wasan karya harshe yana gyara furuci. Zaurance yana kaifafa kunne. Tashe kuwa, da ake farawa bayan goma ga watan azumi, shi ne babban aji: yara su shiga gidan da ba nasu ba, su tsaya gaban manya, su sa su dariya har a ba su hatsi ko kuɗi. A cikin wasannin tashe akwai Jatau mai magani, inda yaro yake kwaikwayon mai tallar magunguna yana bayyana amfanin kowane. Wanda ya yi wannan yana ɗan shekara goma, ba zai ji tsoron buɗe baki a kasuwa yana ɗan shekara ashirin ba.

Manya ma suna da nasu. A Damagaram akwai wasan kara, inda talakawa suke kwaikwayon masu mulki, a yi dariya a kuma ji gaskiya. Ga wasan taubasai da na jika da kaka, ga na ƙabilu: Bafillace da Babarbare, Bafillace da Ba'are, Bagobiri da Bazabarme, Bazabarme da Buzu. Wanda ya taɓa ganin yadda abokan wasa suke ciniki ya san cewa zolaya tana sassauta farashi, tana kuma kashe wutar faɗa tun ba ta kama ba. Duniya ma ta shaida darajar wannan, domin a shekarar 2014 hukumar UNESCO ta sa wasan barkwanci tsakanin al'ummomin Nijar cikin jerin al'adun da ɗan Adam ya gada. Haka nan tsofaffinmu ba su manta da zamanin samariya ba, lokacin mulkin Seyni Kountché daga 1974 zuwa 1987, inda kowane gari yake da masu wasan kwaikwayo, sannan irin su Yazi Dogo da ƙungiyarsa suka shiga kowane gida ta rediyo da talabijin. Ba banza ba kuma Abubakar Imam ya sa wa littafinsa na 1937 suna Magana Jari Ce, labarin aku wanda bakinsa kaɗai ya kai shi ga sarauta.

Yau ina wannan makaranta? A garuruwa da yawa dandali ya mutu. Da an yi sallar isha'i sai ka ga yara biyar sun haɗa kai kan salula ɗaya suna kallo, babu mai cewa uffan. Kakar da ke da tatsuniya tana nan, masu saurare ne babu. A lakol kuma, inda yara suka yi wa aji yawa, mushe ne ke faɗa su maimaita, kuma sau da yawa da harshen da ba shi suke ji a gida ba. Yaro sai ya yi shekara shida bai taɓa tashi ya kare ra'ayinsa na minti biyu ba.

Mun san amsar da wasu uwaye mata za su ba mu. Za su ce ai shi ya sa muke ɗora musu talla, a can suke koyon baki. Muna girmama wahalar da take sa uwa ta ɗora wa ɗiyarta faranti, don mun san sau da yawa da ribar ake cefane, da ita ake tara kayan ɗaki. To amma mu faɗi gaskiya tsakaninmu. A wasa, yarinya in ta yi kuskure dariya za a yi a sake. A talla, in ta yi kuskure kuɗi ne suka ɓata, duka na jiranta a gida. Ga tashar mota, ga majalisar samari, ga dare, ga karatun da ya wuce ta. Bakin da ake koyo a irin waɗannan wurare sau da yawa rashin kunya ne, kuma rashin kunya daban iya magana daban. Abin da talla take koyarwa na alheri ana iya koyar da shi a tsakar gida, gaban idon uwa, ba tare da an saida mutuncin yarinya ko karatunta ba.

Kasuwar ma ta sauya. An rufe iyaka da Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa bayan Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Duk ɗan kasuwar jihar Maraɗi ya ji a jikinsa. Waɗanda suka fi jurewa su ne masu abokan hulɗa da suka yarda da su, waɗanda kira ɗaya ya isa a ba su kaya bashi ko a jira su. Yanzu ciniki mai yawa ta saƙon murya na WhatsApp ake ƙulla shi: dillalin dabbobi a Sakabal ko Dakoro ya yi wa mai saye a Maraɗi bayanin rago cikin rabin minti, mai saye bai ga fuskarsa ba, muryarsa kaɗai zai auna. Ga kuma aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar a 2021, wanda in ya kammala zai kawo baƙin masu saye da baƙin abokan gasa. Ɗanka da zai gaji rumfarka, da wane baki zai tarbe su?

Saboda haka ga shawararmu, kuma ba ta bukatar ko dala.

Na farko, a gida. Bayan cin tuwon dare a ware ɗan lokaci a yi wasan kasuwa. Yaro ɗaya ya zama mai saidawa, ɗaya mai saye, uwa ko kaka ta zama alƙali. Tsakuwa ɗaya dala ce, kara ɗaya jika. Doka uku ce: babu ƙarya, babu rantsuwa, babu zagin kaya. In an gama sai su sauya wuri, mai saye ya koma mai saidawa, don kowa ya ji yadda ɗayan yake ji. Ta nan yaro zai koyi taya da albarka da sallamawa da gyara, ya kuma koyi lissafin canji.

Na biyu, a miƙa wa yaro wani abu na banza, tsohon ludayi ko faifai, a ce ya kawo dalili uku da za su sa a saya kafin a ƙirga talatin. Za a sha dariya, amma wanda ya saba nemo dalili uku ya daina dogara da naci da magiya.

Na uku, wasan sauraro. Yara biyu su yi gardama kan abu mai sauƙi, misali akuya da tunkiya wacce ta fi riba, amma babu mai ba da amsa sai ya fara maimaita abin da ɗan uwansa ya faɗa har ɗan uwan ya ce haka ne. Rabin rigimar kasuwa daga rashin sauraro take tasowa.

Na huɗu, ga mata masu asusu. Tsarin Mata Masu Dubara a nan jihar Maraɗi aka fara shi a 1991 da taimakon ƙungiyar CARE, daga nan ya bazu ƙasashe da dama na Afirka. Tun da kuna haɗuwa kowane mako, bayan an zuba kuɗi an rufe akwati ku ƙara minti goma. Yau a gwada yadda ake bin bashi wurin surukuwa ba tare da zumunci ya lalace ba. Mako mai zuwa a gwada yadda ake kai kuka gaban magajin gari kan harajin rumfa, ɗaya ta zama magajin gari, ɗaya mai magana da yawun mata. Wani makon a ɗauki saƙon murya na tallar kaya, a saurara tare, a gyara. Wadda ta yi kuskure gaban ƙawayenta sau biyar ba za ta daburce gaban hukuma ba.

Akwai gargaɗi guda da ya zama dole. Iya magana wuƙa ce, tana yanka nama tana yanka yatsa. Ba muna kira a koya wa yara daɗin baki na ƴan damfara ba, ko dabarar ɓoye aibin dabba, ko buga gindin tiya. Malamai sun sha faɗa mana cewa rantsuwa kan kaya tana shafe albarkar ciniki, Hausawa kuma suka ce ramin ƙarya ƙurarre ne. A kasuwar ƙauye irin ta Korahane, inda fuskokin da ka gani wannan mako su za ka gani mako mai zuwa, wanda ka cuta sau ɗaya ya tafi da danginsa duka. Shi ya sa muka sa dokar hana ƙarya a cikin wasan tun farko. Yaron da ya ci wasa da ƙarya, alƙali ya ce ya faɗi.

Amfanin abin kuma bai tsaya ga riba ba. Ƙasar Dakoro mahaɗar manoma ce da makiyaya, Hausawa da Fulani da Buzaye, rijiya ɗaya, burtali ɗaya, kasuwa ɗaya. Kowace kaka ana samun ɓarnar gona, kuma abin da ke raba ɓarnar da ta ƙare gaban mai gari da wadda ta ƙare da jini sau da yawa kalmomin farko ne da aka furta a bakin gonar. Jihar Maraɗi ba ta manta da abin da ya faru a Toda cikin Oktoban 1991 ba, inda aka rasa rayuka sama da 100, akasari mata da yara. Baki shi ke yanka wuya. Yaran da suka taso suna wasa ɗan manomi ya zama makiyayi, ɗan makiyayi ya zama manomi, kowa yana kare hujjar ɗan uwansa, da wuya su fara da sanda.

Muna kira ga malaman lakol da su ba wannan wuri a aji. Tun 1973 aka fara gwada koyarwa da Hausa a Damagaram, a 2025 kuma dokar ƙasa ta ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, don haka babu abin kunya ga mushen da ya ware rabin awa a mako yara su yi kacici-kacici da muhawara da harshen da suke mafarki da shi. Muna kira ga abokan aikinmu na gidajen rediyon karkara su buɗe wa yara fili, ko sau ɗaya a mako, a yi gasa tsakanin unguwanni. Muna kira ga sarakunan kasuwa da shugabannin ƴan kasuwa su ɗauki nauyin kyautar, ko sabulu ne ko littafin rubutu.

Amma nauyi mafi girma yana kanku, uwaye. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yau da dare, in an gama tuwo, a kife salula na ɗan lokaci, a tara tsakuwa goma, a kira kaka ta zauna kujerar alƙali. Matar nan da ta ce Allah bai ba ta baki ba tana da ɗiya ƴar shekara takwas da muka gani zaune a bayanta tana kallon maƙwabciyarsu. Ita lokaci bai ƙure mata ba.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya shirya mana zuri'a.