Yaranmu da ramin ƙafar jirgin sama

Yau ina so mu tsaya kan wani al'amari wanda yakan shigo cikin labarai kwana ɗaya ko biyu, a yi salati, a girgiza kai, sa'an nan a manta da shi sai ranar da ya sake faruwa.

Ranar 2 ga watan Agusta na shekarar 1999, ma'aikatan filin jirgin sama na Buruksel, babban birnin ƙasar Beljik, suka tarar da gawar yara biyu cikin ramin da ƙafar wani jirgin kamfanin Sabena ke shigewa. Yaran ƴan ƙasar Gine ne, Yaguine Koïta da Fodé Tounkara, ba wanda ya wuce shekara 15 cikinsu. Tun ranar 28 ga watan Yuli suka ɓuya a Konakiri, jirgin kuwa ya yi ta kai da kawowa da gawarsu kafin a lura. An sami takardunsu na haihuwa, da na sakamakon lakkol, da hotunan dangi, da kuma wata wasiƙa da suka rubuta cikin Faransanci zuwa ga shugabannin Turai, suna roƙon a taimaki yaran Afirka, musamman wajen karatu. Ina makarantar horon malamai na fara karanta wasiƙar nan. Daga baya, da aikin fassara ya zama sana'ata, na gwada maida ta Hausa, sai na ga ladabin da ke cikinta ya fi kome wuyar ɗauka: yara ne da aka koya wa yadda ake rubuta wa manya takarda, har da neman gafara a ƙarshe. Lakkol ta koya musu wannan. Abin da ba ta sa ya zauna cikin zuciyarsu ba shi ne abin da ke jiran ɗan Adam a can bisa.

To, mene ne ke can? Mu da muka tashi inda zafin watan Afirilu ke wuce digiri 40, a ganinmu duk wanda ya yi sama ya kusanci rana ne. Al'amarin kuwa akasin haka yake. Duk mita dubu da aka hau, zafi yakan ragu da wajen digiri 6 da rabi. Manyan jiragen fasinja suna tafiya ne tsakanin mita 10.000 da 12.000, inda sanyi ke kai digiri 50 ƙasa da sifiri, ko fiye. Firijin mai sayar da ƙanƙara a kasuwa yakan tsaya wajen digiri 18 ƙasa da sifiri. Rigar sanyi uku ko huɗu irin wadda muke sawa da hunturu ba ta tare wannan.

Amma tun kafin sanyi ya yi aikinsa, iska ta riga shi. A wannan nisa, nauyin iska bai wuce wajen kashi ɗaya cikin huɗu na wanda muke shaƙa a ƙasa ba, saboda haka ko mutum ya cika huhunsa, abin da ke kai wa jini ba ya isar ƙwaƙwalwa. Ana koya wa matuƙa cewa idan iskar cikin jirgi ta zube a can, abin da ya rage musu na cikakken hankali bai kai minti guda ba. Fasinja ba ya jin wannan domin ɗakin da yake zaune a rufe yake ruf, ana tura masa iska da inji ana ɗumama ta, har ya zama kamar yana bisa dutsen Bagzan na ƙasar Abzin, mai tsawon mita 2.022, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Nijar. Ramin ƙafa yana wajen wannan ɗaki. Ba a tura masa iska, ba a ɗumama shi, kuma matuƙi ba ya gani ba ya jin abin da ke ciki. Muguntar ƙarancin iska kuwa ita ce ba ta zuwa da zafin ciwo: mutum yakan ji jiri da kasala, hannunsa ya saki abin da ya riƙe, ya suma bai sani ba.

Akwai kuma ƙarfen kansa. An ƙera ramin daidai girman tayoyi da sandunansu, kuma da jirgi ya ɗaga, cikin ƴan daƙiƙoƙi injin zai naɗe su ciki da ƙarfin da ba ya sanin ƙashi. Wanda ya tsira daga wannan, ya tsira daga sanyi da ƙarancin iska, saura ƙofa. Tun jirgi na da sauran kilomita da dama kafin ya sauka ake buɗe ta a saki ƙafa, mutumin da ke ciki kuwa a sume yake ko a sandare. Haka aka yi a birnin Landan ranar 30 ga watan Yuni na 2019, inda gawar wani mutum ta faɗo cikin lambun wani gida daga jirgin da ya taso daga Nairobi.

Mai gardama zai ce: ai akwai waɗanda suka rayu. Gaskiya ne, kuma ɓoye wannan ba zai amfane mu ba, gama yaran sun riga sun ji. A 1969 wani saurayi ɗan ƙasar Kuba, Armando Socarras, ya ratsa tekun Atlantika daga Habana zuwa Madrid cikin ramin ƙafa, aka ɗauke shi a sandare amma da rai. A 2014 wani yaro ɗan asalin Somaliya mai shekara 15 ya yi sama da awa biyar daga Kalifoniya zuwa tsibirin Hawai, ya sauka da ƙafarsa. Likitoci sun bayyana dalili: wani lokaci sanyi yakan kwantar da jiki ƙwarai har bukatarsa ta iska ta ragu, sai mutum ya zama tsakanin rai da mutuwa har jirgi ya sauko. Wannan kuwa ba dabara ba ce da mutum zai shirya wa, ba ƙarfin jiki ba ne, ba jaruntaka ba. Ƙididdigar da hukumar jiragen sama ta Amurka ke yi tun daga 1947 ta nuna wajen mutum uku cikin kowane huɗu da aka san sun gwada sun mutu. Kuma waɗanda aka gani kaɗai aka ƙirga. Wanda ya faɗa teku ko daji lokacin da ƙofa ta buɗe, ba ya cikin lissafin kowa, sai na uwarsa.

A nan ne nake ganin mu manya muna da laifi, musamman mu masu aikin kai labari daga wani harshe zuwa wani. Idan mutum ya mutu cikin ramin ƙafa, labarinsa layi uku ne. Idan ya rayu, sai a ce abin al'ajabi, a buga hotonsa, a yi hira da shi. A watan Agusta na 2013 wani yaro a Nijeriya ya ɓuya cikin jirgin da ya tashi daga birnin Benin, yana zaton Amurka za shi. Jirgin Legas ya nufa, tafiyar da ba ta kai awa guda ba, shi ya sa ya sauka da rai. Bayan haka aka yi masa alkawarin tallafin karatu. Ba na baƙin ciki da alherin da aka yi wa yaron nan, ya cancanci karatu kamar kowane yaro. Amma ku duba abin da tsaransa suka ji: wanda ya zauna gida ba wanda ya san da shi, wanda ya hau ƙafar jirgi an san sunansa har an biya masa lakkol. Wa ya tsaya ya gaya musu cewa gajartar hanya ce ta cece shi, da jirgin Turai ne da gawa za a sauke?

A watan Janairu na 2020 abin ya sake faruwa kusa da mu. An sami gawar wani ɗan kolej mai shekara 14 a filin jirgin sama na Paris, cikin ramin ƙafar jirgin Air France da ya taso daga Abijan. Hukumomin Kodibuwar suka tashi mutanen unguwar da ke manne da katangar filin, suka rushe gidaje. Tsaron fili wajibi ne, ba na musu, domin inda yaro ya iya kai wa ga jirgi, mai mugun nufi ma zai iya, kuma rayukan ɗaruruwan fasinja ne ke ciki. Sai dai katanga tana tare ƙafa ne kawai, niyya tana nan. Mu ƴan Nijar mun san wannan fiye da kowa, mu da muka binne mutum 92, yawancinsu mata da yara, waɗanda ƙishirwa ta kashe cikin hamada a arewacin Arlit a watan Oktoba na 2013.

Abin da nake roƙo ba shi da tsada. Darasin iska da zafi yana cikin littattafan lakkol, amma da Faransanci yake, ana haddace shi domin jarrabawa, ba a haɗa shi da jirgin da yaro ke gani yana wucewa bisa kansa kullum. Ya kamata mushe ya ɗauki kwata guda ya faɗe shi da Hausa, da Zabarmanci, da sauran harsunanmu, ya kwatanta da firijin mai ƙanƙara da dutsen Bagzan. Ya kamata gidajen rediyo, duk ranar da suka ba da labarin wanda ya rayu, su faɗi tsawon tafiyarsa, su faɗi ukun da ba su rayu ba. Wannan sashe na jirgi ko suna ba shi da shi a Hausa, ni ne na ce masa ramin ƙafa don rashin wata kalma. Idan cikin masu karatu akwai ma'aikacin filin jirgin Diori Hamani da ya san wadda ta fi ta, ya rubuto wa wannan shafi, mu sa ta cikin darasin.