Ruwan Sama na Allah Ne, Amma Wa Ya Sa Hannu A Sare Daji?

Jama'ar Zango, iyaye da 'yan'uwa daga Aboabo da Asawase har Bawku da Paga.

Ƙarya biyu ake yi mana kan canjin yanayi, kuma kowacce tana da mai cin ribarta.

Ta farko ita ce wai babu wani abu da ya canja, zancen Turawa ne da 'yan boko. Donald Trump ma haka ya ce, har ya sanar a 2017 cewa Amurka za ta fita daga yarjejeniyar Paris ta 2015. Shi yana da na'urar sanyaya ɗaki, mu kuwa gani ya kori ji. A watan Agusta 2024 ruwa ya ɗauke a arewa, masara ta bushe a tsaye, har gwamnati ta hana fitar da masara da shinkafa da waken suya zuwa waje. Mai sayar da koko da mai tuwon zafi sun san nawa suka sayi buhu bayan haka. Ɗan kasuwar da ke kai hatsi Burkina da Togo shi ma ya san asarar da ya yi. Hayaƙin gawayi da man fetur da manyan ƙasashe ke ƙonawa yana tare zafi a sama, damina ta rikice. Rabon Afirka duka a wannan hayaƙi bai kai kashi 5 cikin 100 ba, amma mu ke fara shan wahalarsa.

Ta biyu ta fi haɗari, don ita ce ta masu mulki. Duk abin da ya lalace sai su ce canjin yanayi ne, ko su ce daga Allah ne. Mu ma mun yi imani da ƙaddara. Amma canjin yanayi ne ya mai da kogin Pra da Offin da Ankobra kamar kunu? Galamsi ne. A 2017 Shugaba Akufo-Addo ya yi alkawarin zai yaƙi galamsi ko da kujerarsa za ta tafi. A 2022 gwamnatinsa ta kawo doka L.I. 2462 wadda ta buɗe ƙofar haƙar zinariya a cikin gandun daji. An riƙa raba mana tsiron itace ranar Green Ghana ana ɗaukar hoto, a can kuma injin haƙa yana tumɓuke dajin da ya fi kakanninmu shekaru.

A 2023 aka saki ruwan dam ɗin Akosombo, Mepe ta nutse, dubban mutane suka kwana a makarantu. Kusan kowace shekara ana buɗe dam ɗin Bagre, gonakin bakin kogi su tafi. Ina dam ɗin Pwalugu da aka ƙaddamar a 2019 don tare wannan ruwa?

Suna so mu zauna cikin duhu, don wanda bai san dalilin wahalarsa ba ba ya tambayar kowa. Idan suka zo da buhun shinkafa da atamfa, ku tambaye su wa ya sa hannu a dokar daji, kuma ina Pwalugu.

Ranar zaɓe ku fito da katinku tun da asuba. Allah ya ce tashi in taimake ka. Mu tashi mu canja su.