Sharhi: Sakamakon Jarrabawar Shiga Makaranta da Haƙƙin Iyaye



A bara na raka wani maƙwabcina, Alhaji mai sayar da atamfa, duba sakamakon jarrabawar shiga wata makarantar sakandare da ba ta ɗaukar kowa sai wanda ya ci. Mun tarar an manna takardu huɗu a jikin bango kusa da ɗakin maigadi, iyaye sun yi dafifi, kowa na bin sunaye da yatsa. Alhaji ya bi layi-layi har sau uku, bai ga sunan 'yarsa ba. Ya tambayi wani malami maki nawa ta samu. Malamin ya ce, "Alhaji, sai haƙuri, wanda duk bai ga sunansa ba bai ci ba." Shi ke nan. Yarinya ta shekara tana zuwa lesin, an sallami ubanta da jimla ɗaya.

Tun ranar nake tunanin yadda ake wannan sha'ani a Ingila, inda muka gaji jarrabawar tun asali. Can akwai makarantun gwamnati 163 da ake kira makarantun girama, masu tace ɗalibai da jarrabawar da yara ke zaunawa a shekararsu ta ƙarshe a firamare. Ana yin ta a watan Satumba, sakamako ya fito a Oktoba. Wannan lokaci ba haka kawai aka zaɓe shi ba. Ranar 31 ga Oktoba ce ranar ƙarshe da iyaye ke miƙa jerin makarantun da suke so wa ɗansu, kuma tun 2012 ƙa'idar ɗaukar ɗalibai ta ƙasar ta ɗora wa makarantu nauyin sanar da iyaye sakamako kafin wannan rana. Kafin nan, a wurare da dama uba kan zaɓi makaranta ne ido rufe, ya ɓata gurbi a kan wadda ɗansa ba zai samu ba.

Ku dubi gundumar Bakinhamsha, mai makarantun girama 13. Layin cin jarrabawarsu sananne ne: maki 121. Da uwa ta buɗe wasiƙa ta ga 124 ko 117, ta san inda ɗanta ya tsaya, ba sai ta nemi wanda ya san wani ba. Idan ya gaza da kaɗan, ko ya yi jarrabawar cikin rashin lafiya, wasiƙar na nuna mata hanyar neman a sake duba lamarinsa. A gundumar Kent kuwa maki uku ake ba yaro, na Turanci da na lissafi da na kaifin tunani, kuma kafin a aika wa iyaye komai, hedimastan firamare na iya kai littattafan yaron da ya gaza gaban kwamiti, ya ce wannan makin bai nuna yaron da na sani ba.

Wani abin da ya fi burge ni shi ne makin da ke cikin wasiƙar ba yawan amsoshin da yaro ya ci ba ne. Ana daidaita shi da watan haihuwa. Shekarar karatunsu na farawa a Satumba, don haka ɗan Satumba ya girmi ɗan Agusta da kusan shekara guda alhali ajinsu ɗaya, kuma a wannan ƙuruciya shekara ba wasa ba ce. Mu nan da ake jefa ɗan shekara tara da ɗan sha uku ɗaki ɗaya, wa ya taɓa kawo wannan lissafi?

Kada a ɗauka can ɗin aljanna ce. Mai kuɗi na ɗaukar wa ɗansa malamin gida shekara biyu kafin jarrabawa, ɗan talaka ya shiga da abin da ya samu a aji. Kuma cin jarrabawa ba samun gurbi ba ne; wasiƙar ma na faɗin haka ƙarara. Sai farkon Maris ake sanar da makarantar da yaro ya samu, wani ya haye layi amma nisan gidansu ya kayar da shi. Sai dai ko ba komai, an gaya wa uba dalili.

A gida Najeriya, hukumar NECO ce ke shirya jarrabawar shiga kwalejojin haɗin kai na gwamnatin tarayya, kuma ministan ilimi kan sanar da fitowar sakamako gaban 'yan jarida, a ambaci yaran da suka fi kowa maki. Tsarin rabon gurabe shi ma a fili yake: kashi 60 cikin ɗari bisa cancanta, kashi 30 don daidaito tsakanin jihohi, kashi 10 don buƙatu na musamman. To amma uban da ke riƙe da takarda mai ɗauke da lamba ɗaya, ta yaya zai san a wane kashi ɗansa ya faɗo, ko kuma da maki nawa ya rasa? Inda aka bar duhu, nan "wa ka sani" ke yin sheƙa, ko da kuwa an yi gaskiya, zargi ba zai gushe ba.

Saboda haka kirana ga masu makarantu, na gwamnati da na kuɗi: ku daina manna makomar yara a bango. Ku ba kowane uba takarda a hannu, da makin ɗansa a kowane darasi, da makin da aka yanke, da ranar da zai iya kawo ƙorafi, a rubuce da Hausar da zai iya karantawa. Ku kuma iyaye, wanda duk ya biya kuɗin fom yana da haƙƙin ganin maki. Ku tambaya.