Dogon Takalmin Roba Ba Ƙawa Ba Ne

Manoma da yawa sukan ce sayen dogon takalmin roba almubazzaranci ne. Wannan kuskure ne babba. A ƙasar Kaltungo kububuwa ta fi saran mutum a ƙafa, lokacin shuka da girbi, watau sa'ad da gona ta fi bukatarsa. A ruwan fadama kuwa, ta fata tsutsar tsargiya take shiga jiki.

Mai saye ya zaɓi wanda ya rufe ƙwauri, mai kaurin ƙasa, da ɗan sarari domin safa. Ya tsoma shi cikin bokitin ruwa, ya ga ko yana yoyo. Kada ya bar shi a rana, don yakan tsage. Kowace safiya ya kakkaɓe shi saboda kunama.

Lalle kuɗin takalmi bai kai hasarar damina guda ba.