WA YA FI IYA KOYAR DA INGILISHI?

'Yan'uwa na Madawa, Buza da Kaita, ku saurara. Akwai wata tsohuwar cuta a lakwal ɗinmu: in an ce Bature zai koyar da Ingilishi sai iyaye su yi ta murna, in ɗan ƙasa ne sai a taɓe baki. Gadon mulkin mallaka ne. Sai da aka yi dokar Lamine Gueye a 1950 kafin albashin baƙar fata ya zo daidai da na Bature, ko a takarda.

Samarin Amurka na Peace Corps sun iso Nijar a 1962, sun koyar, mun gode. A 2011 suka tafi. Wa ya rage da alli a hannu? Malam ɗan Adar da ɗan Gobir.

Ni ƙaramin malami ne, amma na gani: yaron Bahaushe yana rikita P da F, domin harshenmu bai raba su ba. Haifaffen Landan sai ya ɗauka yaron daƙiƙi ne. Wanda ya sha wannan tuntuɓe da kansa shi zai ce masa: ɗora haƙora bisa leɓe, ka hura.

In za a ɗauki malami, ku nemi a tsai da kowa gaban aji a ji shi tukuna. Ku kai maganar nan taron ranar kasuwa.