Mutum nawa kwarmin ninƙaya na gida zai ɗauka ranar fati?

1/ Zafin Maris da Afrilu shi ne kakar fatin bakin ruwa. Bazde na yara, taron ƙawayen amarya, samarin da suka yi karo-karo suka kama gida na kwana ɗaya a Abuja. Ana lissafin kaza nawa, lemo katan nawa. Ban cika jin an yi lissafin mutum nawa ruwan zai ɗauka lokaci guda ba. Ku biyo ni.

2/ Akwai ƙa'ida fa. A Ingila, ma'aunin da ake farawa da shi a wuraren ninƙaya na jama'a shi ne murabba'in mita 3 na ruwa ga kowane mutum. Inda zurfin ya wuce mita ɗaya da rabi, masana tace ruwa na can suna kai shi murabba'in mita 4.

3/ Mu ɗauki kwarmi mai tsawon mita 8, faɗin mita 4, irin wanda ake gani a bayan gidaje. Murabba'in mita 32 ke nan. Raba da 3, ka samu mutum 10. Goma kacal. Kai kuma ka gayyaci 45, kowa ya zo da tawul ɗinsa.

4/ Ni a ganina ko goman nan ta yi mana yawa. Lissafin ya ɗauka mutane za su watsu cikin ruwan ne. Mu kuwa mu gaya wa kanmu gaskiya: in ba wanda ya tashi a bakin kogi ba, kamar mutanen Yauri ko Argungu, yawancin baƙinmu ba su iya iyo ba. Kowa zai maƙale a gefen da ƙafarsa ke taɓa ƙasa.

5/ To ka ga rabin ruwan kawai ake amfani da shi. Murabba'in mita 16, wato mutum 5 ko 6. In aka cusa 15 a wurin, turereniya ce za ta riƙa tura na baya zuwa gangaren da ƙasa ke zamewa. Taku ɗaya, yaron da ruwa ke masa iya ƙirji ya koma ruwa ya shanye kansa.

6/ Amma abin da ya sa na buɗe wannan zaren ma ba faɗin ruwan ba ne. Ido ne. Adadin da kwarminka zai ɗauka shi ne adadin kawunan da mai gadin ruwa zai iya ƙirgawa ya sake ƙirgawa ba tare da ya rikice ba. In babu mai gadi, adadin sifili ne, ko da kwarmin ya kai filin ƙwallo.

7/ Mutane na zaton yawan jama'a kariya ne. "Haba, ga manya nan birjik." A 1985 a birnin New Orleans na Amurka, ma'aikatan ceto suka yi fati don murnar kakar wanka ta wuce ba wanda ya nutse. Masu ceto kusan 100 ne a wurin, 4 suna bakin aiki. Da aka tashi, aka tsinci gawar wani baƙo ɗan shekara 31 a ƙasan ruwa.

8/ Ku sake karanta na 7. Ƙwararru ne fa. Ina ga gidan da manyan ke ɗaukar hoto, ana gaisawa, ana rabon abinci, kowa ya ɗauka wani na kallo?

9/ Kuma nutsewa ba irin ta fim ba ce. Babu ihu, babu ɗaga hannu ana kiran a kawo agaji. Wanda ke nutsewa numfashi yake nema, ba shi da iskar da zai yi magana. Yana tsaye a cikin ruwa, kai a ɗage baya, baki na nutsewa yana fitowa, hannuwa na danna ruwa a gefe. Daƙiƙa 20 zuwa 60 ya ɓace. Cikin hayaniyar yara 20 da kiɗa, za ka rantse wasa yake.

10/ Shi ya sa masu ceto da yawa ke bin ƙa'idar 10 da 20: idonka ya zagaye duk yankinka cikin daƙiƙa 10, ka iya isa ga kowa cikin daƙiƙa 20. Gwada da kanka. In ba ka iya duba kowane kai cikin daƙiƙa 10 ba, mutanen sun yi yawa, a fitar da wasu.

11/ Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 300,000 suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5, kuma Afirka ce ta fi kowane yanki yawan mutuwar idan aka auna da yawan jama'a. A Amurka, inda kwarmin bayan gida ya yi yawa, nutsewa ce kan gaba wajen kashe yara 'yan shekara 1 zuwa 4.

12/ Saboda haka ƙaramin yaro a lissafina mutum biyu ne: shi da babban da ke cikin ruwa tare da shi, kusa yadda hannu zai kai. Babba nake nufi. Ba 'yar aiki mai shekara 13 da ita kanta ba ta iya iyo ba, an haɗa ta da yara huɗu, Hajiya na falo. Wannan zalunci ne a kan yarinyar da yaran duka.

13/ Balan-balan ɗin da ake zura wa yaro a dantse kuma kayan wasa ne. Yana sacewa, yana zamewa.

14/ Sai ruwan kansa. Kowa ya shiga da zufa, da mai na jiki, yara kuma mun san abin da suke yi. Duk wannan yana cinye kulorin. Jan idon nan da warin nan mai ƙarfi, ba alamar tsafta ba ce, alamar kulorin ya haɗu da datti ne. Ga matsalarmu ta wuta: an ɗauke, an tada janareta don firiji da kiɗa, injin tace ruwa na kashe tun rana.

15/ Gwaji mai sauƙi: tsaya a baki ka leƙa wuri mafi zurfi. Kana ganin murfin magudanar da ke ƙasa sarai? In ba ka gani, yaron da ke kwance a can ma ba za ka gan shi ba. A rufe wanka. Haka in duhu ya yi kuma babu fitila mai haska har ƙasa.

16/ Na san abin da za a ce: ya za a yi ka hana ɗan baƙo shiga, uwarsa na kallo? Kunya ce, na sani. To a yi rukuni-rukuni, kowane rukuni minti 20, ƙanana daban, manyan yara daban, masu tsalle su jira nasu lokacin. A faɗa tun a saƙon gayyata, ba wanda zai ji an ware ɗansa.

17/ Mai gadin ruwa kuma a naɗa shi da suna. Ba waya, ba hira, ba faranti a hannu. Minti 15 ya miƙa wa wani, hannu da hannu, don ido na gajiya. In taron babba ne, a ɗauko mai ceto a biya shi, kuɗinsa ba zai kai na kek ba sau da yawa. A samu ko mutum ɗaya da ya iya danna ƙirji da hura numfashi. Red Cross na koyarwa.

18/ Lokacin da ya fi tsorata ni shi ne na tashi: yanka kek, rabon abinci, kiran Magariba. Kowa ya juya baya, ƙwallo na yawo a kan ruwa, ɗan shekara 2 ya koma ɗaukowa. Kafin a watse a fitar da kowa, a kwashe kayan wasa, a ƙirga yara, a kulle ƙofar shingen. In gidan ba shi da shinge, mai gadin bai tashi ba tukuna, sai a kai masa nasa kek ɗin can.