Kada ka bar mai shago ya zaɓa maka waƙar gwada sifika

Duk wanda ya taɓa tasowa daga Panshekara zuwa Farm Centre ko Beirut Road sayen sifika ya san yadda ake yi. Mai shago zai jona wayarsa, ya saka waƙa mai dukan ƙirji, ya ƙure sauti. Ka ji daɗi, ka tura kuɗi. Sai ka koma gida ka tarar kowace waƙa gurnani ɗaya take yi.

A ganina, da sakacinka a ciki. Dum-dum ba ya wuya. Ko sifikar banza tana kumbura shi don ta rufe aibinta. Ka tafi da waƙar da kunnenka ya haddace.

Fara da Ɗan Maraya Jos. Kuntigi tsirkiya ɗaya gare shi, sautinsa siriri ne. In ya soki kunnenka, ko ya ɓace a bayan murya, ajiye sifikar. Daga nan sai Shata. Makaɗin kalangu yana matsawa yana saki, sautin yana hawa yana sauka, kuma sifika mai kyau za ta jiyar da kai wannan, ta ware muryar Shata daga ta 'yan amshi. Rikodin ɗin tsoho ne, e, amma ai muryar da ka sani kake aunawa. Waƙar zamani ta zo a ƙarshe.

Ka duba fayil ɗin ma: MP3 mai 320kbps, ba mai 64 ba. Sannan ka ce a rage sauti zuwa rabi, domin a ɗakinka za ka saurara, ba cikin hayaniyar janareton kasuwa ba.